Busar da Ban Yi Ba

Akwai warin da hanci ba ya mantawa, ko da mai hancin ya tsufa. Na yi shekara ashirin da wani abu a Riyad ina tuƙa motar gida ɗaya a unguwar Malaz. Na saba da ƙamshin turaren wuta da na gahawa, da warin kwalta idan rana ta dafa ta, har na ɗauka duk wani wari na ƙuruciyata ya bi iska. Sai ranar nan, cikin watan Sha'aban, maigidana ya buɗe wani ƙaramin akwatin katako a gabana, wari ya taso kamar na ruɓaɓɓen ƙwai da aka cuɗa da jiƙaƙƙiyar toka. Warin albarushi ne da aka ƙona aka bari ya kwana cikin ƙarfe. Ranar kwana goma sha tara da rasuwar yayana, kuma ban gaya wa kowa a gidan ba.

Maigidan nan shi ne kafilina, wato iƙamata ta zama a ƙasar nan da sunansa take. Ammi muke ce masa, mu ma'aikatan gida, shi kuma yana ce mini Hajji. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya ga haske da inuwa. Abin da ke cikin akwatin libarba ce ta mahaifinsa, tsohuwar ƙira, irin wadda ba a sa mata harsashin zamani. Tana da ganga mai juyawa mai rami shida, kowane rami sai an zuba masa albarushi, a ɗora dalma, a danna da wani ƙarfe da ke ƙarƙashin bakinta, sannan daga ƙarshe a sa 'yar hular tagulla a baya. Jikansa ne ya ɗauke ta zuwa gonarsu ta bayan gari, ya harba shidan duka don nishaɗi, ya mayar da ita akwati yadda take, ya hau jirgi ya koma karatu.

"Shafa ka ji, ya Hajji," in ji Ammi. "Ta yi kaushi kamar harshen kyanwa. Na sa a fesa mata man mota, warin ma ƙaruwa ya yi."

Na ce, "Ammi, ba mai take so ba tukuna. Ruwan zafi take so."

Ya juyo da fuskarsa inda muryata take. "Ruwa? A kan ƙarfe? Haka ubana ke yi. Kai wa ya gaya maka?"

Na ce nawa uban.

A garinmu, lokacin da nake saurayi, gidanmu ne ke da bindigar wata. Doguwar adaka ce, irin wadda ake ɗurawa ta baki, tsawonta ya kusa kai mini kafaɗa. Ba farauta ake yi da ita ba. Aikinta sau biyu ne a shekara: ranar da aka ga watan azumi, da ranar da aka ga na Salla. Rediyo ɗaya ce a garin, ita ma sai ta ga dama take magana, saboda haka ƙauyuka huɗu da rugar Fulani da ke bayan rafi duk kunne suke kasawa ga gidanmu. In sun ji ta, mata su jiƙa gero don sahur. In ba su ji ba, kowa ya kwanta. A nan Riyad yanzu, kafin liman ya sallame magariba wayar kowa ta yi ƙara a aljihu, yara ma ba sa ɗaga kai su dubi yamma, gine-gine sun tare ta. Mu kuwa sama muke karantawa. Ina iya tuna shirun da gari ke yi a wannan yammaci, har ka ji kukan tantabaru daga ƙarshen unguwa, da ƙarar guga tana bugun bakin rijiya, da tarin wani tsoho a masallaci. Duk garin kamar mutum ɗaya ne da ya riƙe numfashinsa.

Shekara guda bindigar ke yi a rataye a ɗakin Baba, cikinta shafe da man kaɗe don kada tsatsa ta ci ta. Ranar ashirin da tara ga Sha'aban ake sauko da ita. Baba ya raba mana aikin tun idonsa bai raunana ba: ni ne mai wanki, Yaya ne mai ɗuri. Kuma ya kafa doka, wuta da ruwa gefe guda, albarushi gefe guda. Akwai zana da ta raba tsakar gida da bayan zaure. Ni ina ciki wajen murhun Inna da tukunyar ruwan zafi da sabulun salo, Yaya yana waje a inuwa, ya jingina da zanar, da gorar albarushi da ɗan ƙahon da ake awo da shi. Ba ya ganina, ba na ganinsa. Sai in toshe 'yar ƙofar da wuta ke shiga, wadda Baba ke kira hanci, in cika bututun da ruwan zafi, in naɗa tsumma a sandar ɗuri in yi ta zurawa ina zarowa har ruwan ya daina fitowa da maiƙo. In zuba wani mai tafasa don ƙarfen ya yi zafi ya shanye kansa. In jingina ta a rana, baki ƙasa. Baba yakan zauna a kan turmi yana taunar goro, yana cewa, "Kada ka ji tausayin ruwan Innarku, rijiya ba ta ƙafe ba. Abin da albarushi ya bari gishiri ne, gishiri kuwa laima yake jawowa. Ka ga ƙarfen nan? Ya girmi ubanka, kuma zai binne ka in ka kula da shi."

Aiki na ƙarshe shi ne busa. Idan ta bushe, babu komai a cikinta, sai mai wanki ya sa baki a bakin bindiga ya hura. In hancin a buɗe yake, iska ta fita ta can da wani siririn fito, kamar na tsuntsu ƙarami. In da guntun mai ko ɗigon ruwa da ya maƙale, sai ka ji ta toshe, ka ɗauko ƙaya ka sokace, ka sake. Sannan ka miƙa ta ta saman zana. Mai ɗuri ya tambaya, "Ta yi numfashi?" Ka ce, "Ta yi." Daga nan ta bar hannunka.

Shekarar da nake faɗa, azumi ya faɗo bayan kaka, sanyi ya fara shiga har man kaɗe na daskarewa a kasko. Ina da shekara kamar goma sha takwas, ina kuma da ido, kowa ya san haka. Akwai dutse a yammacin gari inda samari ke hawa neman wata, wanda ya riga gani kuwa shekara guda ake yi ana faɗin sunansa. Shekarar da ta gabace ta ɗan gidan maƙera ya riga ni, ya yi wata goma sha biyu yana tambayata ko in zo a ƙera mini tabarau. Ranar sai Inna ta makara da ba ni murhu, tana dafa wake. Baba ya tafi gaisuwar rashin lafiya. Kafin in gama wanki rana ta yi ja, ina jin muryoyin samari suna wucewa ta bayan gida, har da dariyar ɗan maƙera. Na taɓa ƙarfen, na ji da ɗumi, na ce ai ta bushe. Na ɗaga ta zuwa bakina, sai wani ya ƙwala mini kira daga lungu. Na sauke. Na miƙa ta ta saman zana.

"Auta, ta yi numfashi?"

"Ta yi."

Ya ɗan yi shiru. Sannan na ji nauyinta ya bar hannuna.

A kan dutsen, ni na riga kowa ganin watan. Siriri ne kamar yankan farce, yana kwance can ƙasa kusa da kan wata giginya. Na nuna, na yi kabbara, samari suka ɗauka, dattawa biyu da ke gindin dutse suka duba suka tabbatar, aka ɗaga farin ƙyalle don Yaya ya hango daga ƙofar gida. Muka tsaya muna jira. Na san tsawon lokacin da ke tsakanin ƙyalle da ƙara, na sha ƙirga shi. Lokacin ya zo ya wuce. Ɗan maƙera ya ce, "Yau bindigarku ta riga mu ɗaukar azumi ne?" Aka yi dariya. Sai ta tashi. Ƙarar ta bi rafi ta dawo, tsuntsaye suka watse daga kan kuka, muka ji guɗa daga rugar Fulani. Ƙauyuka huɗu suka jiƙa gero.

Abin da ya faru na ji shi ne daga baya. Yaya ya ja kunama, hula ta fashe, bindiga ba ta tashi ba. Wutar ta shiga hancin ta tarar da maiƙo, tana ci a hankali ba a gani. Ya ga mutane na jira, ya sauke ta, ya kama bakinta da hannun dama zai zaro sandar ɗuri, sai ta tashi. Babu dalma a ciki, albarushi ne da tsumma kawai, amma ya isa. Babban yatsa da manuniya suka tafi. Yaya kuwa ɗinkin hula yake koyo, har an fara zuwa daga wasu garuruwa ana neman aikinsa.

Da na iso gida an naɗe hannun, wanzami yana wanke nasa. Baba yana tsaye, bai zauna a turmi ba. Ya dube ni.

"Kai ka wanke?"

"Ni ne, Baba."

"Ta yi numfashi?"

Kafin in buɗe baki Yaya ya yi magana daga kan tabarma, muryarsa a dushe. "Baba, ni na karɓa. Kuma ka sha gaya mini in ta ƙi tashi in bar bakinta a sama in yi salati goma. Ban yi ko ɗaya ba."

Baba ya daɗe yana kallonmu. Ya ce Allah ya sa kaffara ce, ya shiga ɗaki.

Daga ranar har ya bar duniya, maganar ba ta sake haɗa ni da Yaya ba. Ya bar allura ya koma awon hatsi a kasuwa, ya koyi riƙe mudu da yatsu uku, ya koyi cin tuwo da su ba ya zubarwa. In yara suka tambaye shi ina sauran, sai ya ce ya ba wata aro bai dawo masa da su ba. Ni kuma na riƙe abu ɗaya na jingina da shi shekara arba'in da ɗoriya: zana ce tsakaninmu, bai gan ni ba. Ya ɗauka na busa, ƙaddara ce ta zo. Duk zuwan da na yi hutu sai in ce wannan karon zan faɗa masa in nemi yafiya, don na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Sai in kai masa darduma, in kai masa turare, wata shekara agogo, mu zauna a zaure mu yi hirar damina da ta waɗanda suka mutu, hutun ya ƙare. A waya kuma ba a fara irin wannan magana. Labarin rasuwarsa ya same ni ina cikin mota a ƙofar makarantar jikokin Ammi a unguwar Nasim, da rana tsaka. Kafin yaran su fito an riga an kai shi. Na buɗe musu ƙofa, na kunna musu sanyi, na kawo su gida.

To, ranar akwatin, bayan la'asar, na nemi a dafa mini ruwa a babbar tukunya, na shimfiɗa tsohon zani a ƙofar majalisar Ammi, wato ɗakin baƙinsa, wajen da rana ke sauka. Shi yana ciki a kan kujerarsa, taku bakwai ko takwas daga inda nake, ya lumshe ido yana jan carbi. Na fara duba ramukan shida ɗaya bayan ɗaya a haske, na tabbatar babu komai a ciki. Shi ya gaya mini inda zan buga wani ɗan ƙarfe a gefe, bututun ya fita, gangar ta zame a tafin hannuna. Ban taɓa riƙe libarba ba, amma ƙarfe da albarushi halinsu ɗaya ne a ko'ina. Ruwan farko ya fito baƙi ƙirin. Na yi ta zura tsumma ina canza ruwa, warin yana tashi da tururi, sai na ga kamar bangon gidan ya ja baya, kamar in na waiwaya zan ga Inna tana fifita wuta da murfin kwano. Kowane rami yana da nasa ɗan hanci a baya, shida reras, ƙanana kamar idon allura. Na sokace su da tsinken sakace. Na zuba mai tafasa, na jera komai a rana. Ranar Riyad ba ta da wasa, kafin Ammi ya gama finjali biyu na gahawa ƙarfen ya bushe har yana ƙona yatsa.

Na bari ya huce. Na ɗauki gangar, na sa baki a rami na farko na hura. Fiton ya fito, siriri, shi ne dai, bai tsufa ba. Na juya na hura na biyu. Na uku ya ɗan toshe, na sokace na sake. Na huɗu. Na biyar. Daga nan ban san inda hankalina ya tafi ba, ina jin kan dutsen nan ne. Na ajiye gangar na jawo kwalbar mai.

"Saura ɗaya, ya Hajji."

Na ɗaga kai. Idonsa a rufe yake, carbi na tafiya.

"Biyar na ji. Na ukun ka yi sau biyu, amma ɗaya ne. Kada ka cuci makaho."

Na ce, "Daga can kana ji, Ammi?"

"Wannan fiton? Ina yaro daga kan soro nake jin ubana yana yi. In ya yi biyar na san an kira shi ne."

Na dubi tazarar da ke tsakanina da shi. Taku takwas, tsoho mai shekara tamanin da wani abu, ga na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani a kansa. Yaya kuwa bayansa na jingine da zanar, ni ina ɗaya gefen, da zan miƙa hannu ta cikin ciyawar da na taɓa kafaɗarsa. Saurayi mai lafiyar kunne, a garin da ake jin guga daga ƙarshen unguwa. Shekara nawa yana jin fiton nan kafin ya yi tambaya. Tambayar ma al'ada ce kawai, amsar tana riga ta zuwa. Sai na tuna ɗan shirun da ya yi kafin ya karɓa.

Na ɗauki gangar zan hura na shida, iska ta ƙi fita daga ƙirjina.

"Shuwayya-shuwayya," in ji Ammi, wato a hankali. "Lafiya kake?"

Na ce yayana ya rasu, yau kwana goma sha tara. Ya yi masa addu'a, sannan ya ce, "Kwana goma sha tara kana kai ni masallaci kana dawo da ni. Kai ma ƙarfe ne?" Na ce ina neman izini in yi waya. Ya ɗaga mini hannu.

Na fita wajen mota, inda inuwar dabino ke faɗowa. Na kira babban ɗan Yaya na ce ya kai wa mahaifiyarsa wayar. Tana takaba. A da ni da ita ba ma haɗuwa sai da tsokana, tana ce mini mijin da ya gudu Makka ya bar ta da tsoho. Ranar muka gaisa a hankali, na sake yi mata ta'aziyya, ta sake yi mini. Na rasa ta inda zan fara, sai na tambaye ta ko bindigar nan tana nan.

"Tana nan a rataye, Auta. An daɗe da daina harba ta, yanzu yara a waya suke ganin wata. Amma bai taɓa fashin wankinta ba. Duk ƙarshen Sha'aban sai ya ƙwace mini murhu, ni da wake muna jira. Bana ma ya ce in ajiye masa sabulun salo." Ta ci gaba, "Da yatsun nan uku yake yi, ba ya yarda yara su taɓa. In ya gama ya busa sau biyu."

"Sau biyu?"

"Kullum. Tun ina amarya na ce, Malam, ɗaya ba ta isa ba ne? Ya ce ta farko tasa ce, ta biyun ta Auta ce, ranar yana sauri."

Na jingina da motar. Ƙarfenta da zafi, ban matsa ba.

"Ya faɗi saurin me?"

"Ya ce wata ka tafi nema. Ai ba ya gajiya da labarin nan, har jikoki sun haddace. Ya ce garin nan kaf, da ɗan maƙera da kowa, kai ka riga gani." Ta ɗan yi dariya, irin wadda ke fitowa ta cikin kuka. "Wai kuma siriri ne ƙwarai, in ba idon gidanmu ba babu mai ganinsa."

Ban iya tuna yadda muka yi sallama ba. Na tsaya har inuwar dabinon ta kai bango. Ban nemi yafiya ba, ba a kuma ce mini an yafe ba, ni dai abin da aka gaya mini ke nan, kuma da shi zan je in same shi.

Da na koma Ammi yana inda na bar shi. Bai tambaye ni komai ba. Na zauna a kan zanin, na ɗauki gangar, na nemo ramin da na tsallake. Rana ta yi ja a saman katanga, irin jan nan dai. Na cika ƙirjina na hura, a hankali, har iskar ta ƙare.

"Shida," in ji Ammi. "Ta yi?"

Na ce, "Ta yi."